Na tsallake shugabana, ga shi an ba ni kwiri

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a mataki na 08. Wata huɗu ke nan takardata ta neman izinin ƙaro karatu tana kwance a teburin shugaban sashenmu, kullum sai ya ce in dawo gobe. Ran nan na haɗu da Darakta a bakin matakala, na gaya masa. Washegari aka miƙo mini kwiri, wato takardar tuhuma ta ofis, wai na tsallake na gaba da ni. Babana tsohon Samanja ne, da na kai masa kuka sai ya ce laifina ne, a bariki farabiti ba ya wuce kofur da saje ya nufi ofishin kwamanda. Anti, shiru zan yi har gurbin karatun ya kufce mini?
Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Raina ya sosu, wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Amma Baba yana da gaskiya. A soja umarni daga sama yake gangarowa, rahoto kuma ya hau hawa-hawa, domin ranar da abu ya ɓaci a san wanda za a tambaya. Aikin gwamnati ma haka yake, daga shugaban sashe zuwa Darakta zuwa Babban Sakatare. Maganar bakin matakala ba ta shiga fayil, kuma ta sa shugabanki ya ji kin yi masa tsirara a gaban nasa shugaban.

Sai dai ki sake tambayar Baba, zai gaya miki ko soja doka ta ba shi damar kai ƙorafinsa gaba idan kwamandansa bai share masa hawaye ba. Shugabanki ba shi ne ƙarshen tsani ba.

Ki amsa kwirin cikin ladabi, kafin wa'adin da aka ba ki ya cika, ki ambaci ranar da kika miƙa takardar farko. Sannan ki rubuta tunatarwa zuwa ga Darakta ta hannun shugaban naki, ki kai ofishin rajistar takardu a buga wa kwafinki hatimi da kwanan wata, ki adana shi a gida. Takarda mai hatimi tana da wuyar dannewa.

Idan duk hanyoyin nan sun toshe, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofis a Kaduna. Kafin nan, ki shiga ofishin shugaban sashenku gobe da safe ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri kan tsallaken, takardarki a hannu.