Ina kuskuren yake a "should in case" da "although… but"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Tudun Wadan Zariya. Tarihi na karanta, amma ƙarancin malamai ya sa aka ɗora mini darasin Turanci na 'yan ajin ƙarshe. A makon jiya na ba su aikin rubuta wasiƙa, sai wata ɗaliba ta rubuta: "Should in case you will come to Samaru, you can be able to see my uncle." Wani kuma ya rubuta: "Although he is poor but he is honest." Jikina ya ba ni cewa da gyara, amma haka nake jin manyan 'yan boko suna faɗa, har a rediyo. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan bayyana musu kafin jarrabawar WAEC?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da jikinka ya ba ka gaskiya ne, kuma jimlolin nan biyu ciwonsu ɗaya: an sa kalmomi biyu su yi aikin da Turanci ya ware wa kalma ɗaya.

Ta yaron ta fi sauƙi. A Hausa babu laifi ko kaɗan mutum ya ce "ko da yake talaka ne, amma yana da gaskiya," hasali ma idan aka cire "amma" sai kunne ya ji kamar zancen bai zauna ba. Yaron da Hausa ya yi tunani, sannan ya sa wa tunanin rigar Turanci. Shi kuwa Turanci mahaɗi ɗaya yake yarda da shi tsakanin ganguna biyu, wato sassan jimla biyu da kowanne yake da aikatau nasa. Kalmar "although" tana mayar da gangar da ta shiga ta zama dogarau, wato wadda ba ta tsayuwa da ƙafarta, ita kuma "but" tsayayyun ganguna take haɗawa, saboda haka ba sa zama a inuwa ɗaya. Ko dai ya rubuta "Although he is poor, he is honest," ko kuma "He is poor but he is honest." Hukuncin "because" da "so" ke nan su ma.

Jimlar ɗalibar ita ce mai aiki, domin kurakurai uku ne a cikinta, kuma dukkansu sun shafi wasu kalmomi 9 da ake kira mataimakan aikatau masu nuna hali: can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Waɗannan kalmomi suna da ɗabi'ar da ta raba su da sauran aikatau. Ba sa karɓar harafin "s" ko da mai aikin mutum ɗaya ne, ba a sa musu "to" a gaba ko a baya, kuma a daidaitaccen Turanci biyu daga cikinsu ba sa jeruwa a wuri ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne asalin "be able to". Bahaushe yana cewa "za ka iya," domin "iya" cikakken aikatau ne da ke shiga kowane lokaci, amma Bature ba shi da damar cewa "will can," sai ya ari "be able to" ya cike gurbin, ya ce "you will be able to." To, tunda "can" da "be able to" ma'anarsu ɗaya, wanda ya ce "can be able to" tamkar ya ce "yana iya iyawa" ne.

Shi ma "should in case" auren dole ne aka yi wa abubuwa biyu da kowannensu yake da gidansa. A Turancin wasiƙun ofis ana iya jefar da "if" a fara jimla da "should," a ce "Should you come to Samaru," ma'ana idan ta yiwu ka zo Samaru. Ita kuwa "in case" ba ma'anar "idan" take ɗauke da ita ba a Turancin Ingila, wanda shi makarantunmu suke bi. Riga-kafi take nunawa. Idan uwa ta ce wa ɗanta "Take an umbrella in case it rains," tana nufin ya ɗauki lema tun yanzu saboda ko ruwa zai sauko, ba wai ya jira sai ruwan ya fara ba. Ɗalibarka sharaɗi take nufi, don haka "in case" ba ta da wurin zama a jimlarta ko da an cire "should."

Kuskure na uku, wato "will" bayan mahaɗin sharaɗi, shi ne nake so ka fi ba wa lokaci a aji, domin a nan Hausa tana iya taimakon yara fiye da yadda ake zato. Bayan if, when, unless, until, before, after da as soon as, Turanci ba ya sa "will" ko da abin bai faru ba tukuna. Lokacin yanzu yake amfani da shi, ya bar "will" ga babbar ganga. Mu ma haka muke yi ba tare da mun lura ba. Mai shago a Sabon Gari zai ce wa yaronsa "idan kaya sun iso, zan kira ka," ba zai ce "idan kaya za su iso" ba, sai fa in wata ma'ana dabam yake nufi. Bambancin kawai shi ne mu siffar shuɗaɗɗen lokaci muke ɗauka, Turanci kuma ya ɗauki ta yanzu: "If the goods arrive, I will call you." Sai dai akwai tarko, kuma shi ne ke rikita har malamai. Jimlar "I don't know if he will come" daidai ce, duk da ga "will" bayan "if." Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su mayar da jimlar Hausa. Idan "if" ta fito a matsayin "idan," to babu "will." Idan ta fito a matsayin "ko," kamar a "ban sani ba ko zai zo," to "will" tana da izinin shiga, domin a nan ba sharaɗi ba ne, tambaya ce a lulluɓe. Haka "when" take: "in ya zo" ba ta ɗaukar "will," amma "ban san yaushe zai zo ba" tana ɗauka.

Tunda kai mutumin tarihi ne, ga wani abu da zai yi maka daɗi. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin mamayar Normandawa ta 1066, kakan kalmar "will" yana nufin so ne ko nufi, kakan "can" yana nufin sani, na "shall" kuma yana nufin bashi ko wajibci. Ragowar wannan tsohuwar ma'ana ce ta sa ma'aikacin banki zai iya cewa "If you will wait here," yana nufin in ka yarda ka jira, kuma ba a ce ya yi kuskure ba.

Akwai kuma jimlar da-na-sani, wadda Hausa take ginawa da "da" sau biyu: da ka zo jiya, da ka same shi. Saboda ɓangarorin biyu sun yi kama a Hausa, yara sukan zuba "would have" a kowane ɓangare. Turanci a ɓangaren sakamako kaɗai yake sa ta: "If you had come yesterday, you would have met him."

Batun cewa manya suna faɗa a rediyo, gaskiya ne, kuma ni ba na cikin masu raina Turancin Nijeriya. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Turancinmu, ciki har da "okada" da "Kannywood." Amma kalmomi aka karɓa, ba a sauya dokar ginin jimla ba, kuma mai duba takardar WAEC da daidaitaccen nahawu yake aiki, yana zagaye kowane kuskure da jan biro yana rage maki. A bakin kasuwa "should in case" ba za ta hana kowa fahimta ba, a takardar jarrabawa kuwa asara ce.

Shawarata ita ce kada ka fara da haddar dokoki. Ka rubuta jimlar ɗalibar a allo ba tare da ambaton sunanta ba, ka sa ajin su fassara ta zuwa Hausa kalma bayan kalma, su ji da kunnensu yadda "ko da idan za ka zo" da "kana iya iyawa" suke fita. Bayan sun gama dariya, sai ka sa su goge duk kalmar da ta maimaita aikin 'yar'uwarta, har abin da ya rage a allon ya zama: "If you come to Samaru, you will be able to see my uncle."