Da masu ƙin yaƙi sun haɗa kai a 2002, da an fasa mamaye Iraƙi?

Tambaya: Malam, wani abu na damuna. Ina yawan jin cewa da masu ƙin yaƙi na jam'iyyun Democrat da Republican sun dunƙule a Majalisar Amurka a 2002, da ba a mamaye Iraƙi ba, da rayukan nan ba su salwanta ba. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ai sun haɗu, yawansu ne bai kai ko'ina ba. A Oktoban 2002 Majalisar Wakilai ta ba Shugaba George W. Bush izinin amfani da ƙarfin soja a kan Iraƙi da ƙuri'a 296, masu ƙi 133. A ta Dattawa 77 da 23. 'Yan Republican shida kacal suka ƙi a Wakilai, har da Ron Paul, a Dattawa kuwa Lincoln Chafee shi kaɗai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tatsuniyar da masu sharhin Facebook ke yaɗawa kullum, wai Democrat jam'iyyar zaman lafiya ce, Republican ta yaƙi. Haba! A lokacin Majalisar Dattawa a hannun Democrat take, kuma sanatocinta 29 suka ɗaga wa yaƙin hannu, ciki har da Joe Biden da Hillary Clinton da John Kerry. Zaɓe saura makonni, shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, babu mai son a kira shi matsoraci. Ko ƙudurin Tonkin na 1964 da ya buɗe ƙofar faɗaɗa yaƙin Biyetnam, shugaban ƙasa ɗan Democrat, Lyndon Johnson, ne ya nema, sanatoci biyu rak suka ƙi. Illar wannan tatsuniya ita ce mutane su saki jiki da zarar "tasu" jam'iyyar ta hau mulki.

Kuma ko da an samu rinjaye, bai wadatar ba. A 2019 Sanata Bernie Sanders, mai zaman kansa da ke tare da Democrat, da Sanata Mike Lee na Republican sun haɗa hannu, majalisun biyu suka amince a janye tallafin Amurka ga yaƙin Yemen. Trump ya hau kujerar na-ƙi, aka kasa haɗa kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da ake buƙata don a tsallake ƙin nasa, magana ta mutu.

Inda haɗakar ta yi cizo shi ne inda ta taɓa aljihu. A 1973 sanatoci Clifford Case na Republican da Frank Church na Democrat suka jagoranci toshe kuɗin yaƙi a Biyetnam da maƙwabtanta, luguden bam a Kambodiya ya tsaya a watan Agusta. Amma sai da sojojin Amurka sama da 50,000 suka mutu kafin majalisar ta yi wannan ƙarfin hali. A 2002 kuwa ba a fara mamaye Iraƙi ba, don haka ko gawa ɗaya ta wannan yaƙi ba a kai gida ba tukuna.