Tambaya da Amsa: Daga Ina Zan Fara Koyon Manhajar Kasafin Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ce a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, kuma ina so in koyi gina manhajar kasafin kuɗi da hasashen ciniki. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da ƙwarewa a Excel, domin manyan manhajojin kasafin kuɗi irin su Anaplan da IBM Planning Analytics suna aiki da salon lissafi mai kama da nasa, sai dai su suna jera bayanai ta fuskoki da yawa lokaci guda, wato wata da reshe da nau'in kaya.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne ki raba ƙiyasi da lissafi. Farashin buhun shanshera da kuɗin man dizal da canjin dala su zauna wuri guda, ta yadda da zarar kin sauya lamba ɗaya, ribar shekara za ta gyara kanta. Duk wanda ya cusa canjin dala cikin kowane layin lissafi ya ji jiki a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira.

Sannan kowane ƙarshen wata ki gwada hasashenki da ainihin cinikin da aka yi, ki sabunta watannin da suka rage.