Tambaya da Amsa: Yaƙin da Ba Ya Barin Kowa

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Yaƙin Duniya na Biyu yaƙi ne na kowa da kowa. Me hakan ke nufi, kuma ina aka faro irinsa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ana nufin yaƙin da gwamnati ke tattara jama'a da dukiyar ƙasa gaba ɗaya dominsa, har bambancin soja da farar hula ya kusa gushewa. Masana da dama suna danganta mafarinsa da Faransa, inda dokar watan Agustan 1793 ta tura samari fagen fama, ta ɗora wa magidanta ƙera makamai, mata kuwa ɗinkin tantuna da tufafin soja.

Birtaniya ta kai abin matuƙa, domin a Janairun 1940 ta fara rabon abinci da kati, wanda bai ƙare ba sai 1954, sannan a Disambar 1941 ta wajabta wa mata marasa aure aikin yaƙi. Mu ma abin ya shafe mu: bayan Japan ta kame Malaya (yankin Malesiya ta yau, inda Birtaniya ke samun kuza) a 1942, Turawan mulki sun tilasta wa dubban talakawa haƙar kuza a Jos, wahalar da a ganina ba a cika tunawa da ita ba kamar yadda ake tuna sojojinmu da suka tafi ƙasar Bama (Myanmar ta yau).