Tallar sayar da kaya bashi: abin da doka ke so ka rubuta

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki na gida ya rubuto yana cewa ya fara ba da kaya bashi a biya wata-wata. Yana so ya buga talla a Facebook mai cewa "ɗauki yau, babu kuɗin ruwa", ya kuma saka adadin da za a riƙa biya duk wata. Ya ƙara da cewa farashin bashin ya ɗan ɗara na kuɗi hannu. Ko akwai matsala?

Malam, akwai, kuma a wuri biyu.

Mu fara da maganar "babu kuɗin ruwa". Tunda ka ce wanda ya ci bashi zai biya fiye da wanda ya biya kuɗi hannu, to wannan ƙarin shi ne tsadar bashin, ko da wane suna ka kira shi. A Birtaniya ba a yarda ɗan kasuwa ya rubuta wannan kalma ba sai idan jimillar abin da mai saye zai biya bai wuce farashin kuɗi hannu ba. Ko a inda babu wannan ƙa'ida a rubuce, dokar hana yaudarar masu saye za ta iya kama ka. Ka cire kalmar, ko ka daidaita farashin biyu.

Na biyun ya fi damuna, domin nan ne masu gaskiya ma suke faɗawa ba da sani ba. Dokokin tallar bashi a ƙasashe da dama sun ginu ne kan abu ɗaya: idan ka fito da lamba mai daɗin ji, dole sauran lambobin su biyo ta. A Amurka, dokar faɗin gaskiya kan bashi ta 1968 ta tanadi cewa da zarar talla ta ambaci kuɗin kafin alƙalami, ko yawan biyan, ko adadin kowane biya, ko tsadar bashin, to sai ta bayyana sharuɗɗan biya gaba ɗaya da kuɗin ruwa na shekara, wanda ake kira APR. A Birtaniya, inda hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi, ta karɓi kula da wannan fanni a 2014, ana buƙatar a ba da cikakken misali na yadda za a biya bashin, kuma APR ɗin da aka tallata ya zama wanda aƙalla kashi 51 cikin 100 na waɗanda tallar ta jawo za su samu, ko mafi sauƙinsa. Ba za ka tallata rangwamen da mutum biyu kaɗai za su samu ba.

Ka ga dalilin. A ce an rubuta "kashi 5 cikin 100 kacal a wata". Idan a kan ainihin kuɗin ake lissafa shi tsawon wata 12, mai saye zai biya ƙarin kashi 60. Sai dai tunda yana rage bashin kowane wata amma ruwan bai ragu ba, ainihin abin da ke kansa ya haura kashi 90 a shekara. Wanda ya ga lamba 5 bai taɓa tunanin haka ba, kuma shi ne zai dawo shagonka da fushi a wata na shida.

Saboda haka tallarka ta ƙunshi farashin kuɗi hannu, kafin alƙalami, yawan watanni, adadin kowane biya, jimillar abin da za a biya, da kuɗin ruwa na shekara. Idan akwai tarar jinkiri ko kuɗin cike takarda, su ma su fito. Kada ka rubuta su da ƙananan haruffa a ƙasa. Girman rubutun da wurinsa suna cikin abin da hukumomi ke dubawa. Ka guji "kowa zai samu" ko "ba bincike". Tarayyar Turai ma, a dokarta ta 2023, ta wajabta gargaɗi a talla cewa cin bashi yana cin kuɗi, ta kuma shigar da tsarin "saya yanzu, biya daga baya" ƙarƙashin dokar.

Kafin ka buga komai, ka tambayi hukumar kare masu saye da babban bankin ƙasarka ko ba da bashin da kake yi yana buƙatar lasisi. Idan wani kamfanin lamuni ne ke biyan kuɗin a madadin abokan cinikinka, ka nuna musu tallar su amince a rubuce, sannan ka ajiye kwafinta da ranar da ta fita.