Lauyan ƙanina ya ɓoye masa tayin sassauci a Amurka, akwai mafita?

Ƴar'uwa, kin ce mai gabatar da ƙara ya yi tayin rage wa ƙaninki hukunci in ya amsa laifi, lauyansa bai taɓa faɗa masa ba. Allah ya kawo sauƙi. Akwai ƙofa, amma ƙarama ce.

A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Galin Frye na jihar Misuri. An yi masa tayin ɗaurin kwana 90 kan tuƙi da lasisin da aka soke, lauyansa ya yi shiru har wa'adi ya wuce, aka ɗaure shi shekara uku. Kotu ta ce wajibi ne lauya ya isar da irin wannan tayi.

Wahalar tana gaba. Sai ƙaninki ya nuna da zai karɓa, alƙali kuma da zai amince. A nan kotunan ɗaukaka ƙara suka rabu: wasu na sauraron rantsuwarsa, wasu sai da hujja daga waje. Wannan bambancin yana damuna ƙwarai.

Ku samu sabon lauya yau, ya nemo takardar tayin, domin lokacin shigar da koke ƙayyadadde ne.