Amsa ga mai tambaya kan BMW 335i: kar ka tura kuɗi sai an leƙa ƙarƙashinta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka amma nace bari sai na samu natsuwa, don maganar ba ta layi biyu bace. In na fahimce ka daidai, ka samu BMW 335i ƙirar 2009 a Abuja, mai ita yace Beljiyam ce ba'a taɓa hawanta a nan ba, abokinka ya ɗan zagaya da ita yace lafiya lau take, kuma dillali na ta kiranka wai akwai wani Alhaji da zai zo ya ɗauka gobe, shine kake tambaya ko dole ne sai ka biya wani ya duba ta. Eh dole ne, wallahi dole ne, kuma dan Allah ko kafin alƙalami kar ka bayar sai an gama dubawa.

Ni irinta na taɓa saya, tawa 2008 ce, kuma yadda kake shirin yi haka nayi. Naje da la'asar na samu an wanke ta tas har cikin inji yana sheƙi, an riga an tayar da ita tun kafin in iso inji da ɗuminsa, na taka ta sau biyu a titi naji yadda take manna mutum da kujera, shikenan hankalina ya tafi. Sati uku na mora. Ranar da abin ya faru ina kan hanyar Kaduna zuwa Zariya da iyalina a ciki, sai naji fanka ta kama ihu kamar injin niƙa, alamar zafi ta fito ruwan ɗorawa kafin in samu gefen titi ta koma ja, mota ta daina amsa totur. Famfon ruwa ne ya mutu. Sai janta akayi. To a gareji ne fa sauran abubuwa suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya, da aka kwance mita muka tarar an manna baƙin salatif a kan fitilar cek inji ta ciki, ashe tun ranar da na saya take kunne ni ban sani ba. Daga baya na saka lambar shasi a intanet sai ga hotunanta a filin gwanjo a Amurka, gabanta ɓangaren direba a murƙushe, eyabag biyu duk sun fashe. Na daɗe ina kallon hoton nan a waya, don yarana na ɗauka a motar ina gudu da su a babban titi babu eyabag ko ɗaya mai aiki.

Abinda nake so ka gane shine mota mai gudu daban take da Corolla ko Camry. Wanda ya sayi 335i sabuwa ko ta hannu bai saya don zuwa cefane ba, ya saya ne don ya taka, kuma injin yana da ƙarfin da zai ɓoye ciwonsa, ko turbo ɗaya ya fara gajiya kai da ka saba da ƙaramar mota zakaji kamar tashi zata yi. Shi yasa zagayen da abokinka yayi ba ya nuna komai, sai dai ya nuna tana tafiya.

Fara da abinda ba zai ci maka ko sisi ba. Kace su turo maka lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi ne guda 17, ka kwafa ka saka a Google yadda take. Mu dai sunan Beljiyam muke kiransu amma yawancin irin waɗannan daga Amurka da Kanada suke, da yawa kuma daga gwanjon Copart ko IAAI aka sayo, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko suka sha ruwa, kuma sau da yawa hotunan suna nan ba'a goge ba. In zaka iya ka biya a ciro maka rahoton Carfax ma, zai nuna maka mil nawa ta ci a lokuta daban daban. Ka tuna motar Amurka da mil take lissafi, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne. Hatsari shi kaɗai ba ya hana sayen mota, in bamba ce da fitila ba komai, amma a faɗa maka gaskiya kuma kuɗin ya nuna haka. Wadda nake gudu da ƙafafuna biyu ita ce wadda ta sha ruwa. Bayan guguwar Harvey a Houston a 2017 da ta Ian a Florida a 2022 motoci masu ɗimbin yawa sun nutse an kaisu gwanjo, kuma mota irin wannan da komai nata waya ce da birenbos, wato kwamfutocin cikin mota, in ruwa ya shige ta yau wannan ya mutu gobe wancan, riwaya zai zama ɗan gidanku.

Sai wanda zai duba. Ba bakaniken dillali ba, ba kuma wanda dillali yace "akwai wani yaro nan kusa ya iya BMW" ba, don shima yana da kasonsa a la'ada. Ka nemo naka wanda aikinsa kenan motocin Jamus, ku yi ciniki tun farko cewa kuɗinsa daban ko ka saya ko baka saya ba, don in ya san sai an yi ciniki zai samu to bakinsa zai yi nauyi. Kuma kaje da kanka ka tsaya.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci sosai, a nan aka cuce ni. Kace musu kar kowa ya tayar da ita, kuje da sassafe, ka buɗe bonet ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa. Kafin a tayar a kunna mita kawai, duk fitilu su fito, ta cek inji da ta eyabag da ta ABS, sannan su ɗauke bayan inji ya tashi. Wadda bata fito ba sam to an rufe ta ne ko an kashe ta. Sai ka koma baya wajen salansa wani ya tayar. Injin da ke cikin 335i daga 2007 zuwa 2010 sunansa N54, silinda shida lita 3 da turbo biyu, daga 2011 ne aka koma N55 mai turbo ɗaya. Shi N54 inji ne mai daɗi amma an san cututtukansa. In ya daɗe yana juyawa kafin ya kama, yawanci famfon fetur mai matsin ƙarfi ne, wanda har a 2010 BMW ta kira motoci a Amurka don canza shi. In ya tashi yana karkarwa yana warin ɗanyen fetur to nozul na ɗiga, kuma nozul ɗinsa guda shida ba kayan arha bane, akwai lamba a jikinsu, na ƙarshe da aka fitar shine mai lamba 12. In aka ɗan ba shi wuta aka saki kaji wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan daga turbo ne, ƙofar da ke sakin iska ta saki. Hayaƙi shuɗi bayan ta ɗan jima a tsaye tana aiki, baƙin mai take ci. Duk waɗannan in inji yayi zafi wasu suna lafawa, shi yasa suke son kazo da rana.

Wankakken inji kuma kar ya burge ka. Ku bari tayi aiki ku zagaya ku dawo sannan a haska tocila. A wannan injin baƙin mai na yawan zuba ta gaskit ɗin gidan filtar mai, yana ɗiga kan fanbel, in bel ɗin ya jiƙe ya zame yana iya cusa kansa ta sil ɗin gaba ya shiga cikin inji, daga nan sai dai maganar sabon inji. A duba murfin saman inji shima. Ka sani kuma bata da sandar auna mai, a mita ake dubawa bayan inji yayi ɗumi, amma ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa, in kaga wani abu kamar madara ko kunu akwai alamar tambaya. Famfon ruwanta na lantarki ne, ba ya yin gargaɗi sosai kafin ya mutu amma yakan bar rubutu a kwamfuta, ka tambaya ko an taɓa canzawa, in ba shaida kawai ka saka kuɗinsa da na tamostat a lissafinka. In kuma kaga an haɗa fanka dairek tana ta gudu tun daga tayarwa, to motar nan ta zauna a hannun bakanikenmu na gida, maganar Beljiyam ta faɗi.

Maganar kwamfuta, ba ɗan ƙaramin abin nan da ake haɗawa da waya nake nufi ba, shi inji kawai yake karantawa. A samo wadda take shiga kowane birenbos, giya da birki da eyabag da sauransu. Kuma ko ta nuna babu matsala kar ka yi murna tukuna, kace ya buɗe wajen da ke nuna ko motar ta gama gwada kanta. In an goge matsaloli jiya ko yau da safe, wajen zai nuna bata shirya ba, don sai anyi tafiya mai ɗan nisa kafin ya cika. Shi yasa ake sa kwamfuta sau biyu, kafin a fita da bayan an dawo. BMW kuma tana ajiye adadin tafiya a wuri fiye da ɗaya, har a cikin makulli, wanda ya iya zai gwada su da abinda mita ke nunawa. In mai ita ya yarda a kwance fulogi a auna kwamfureshan na silinda shidan, su zo kusa da juna, in ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari ka tsaya kayi tunani.

Yanzu sai rami, ko a ɗaga ta sama, wannan ba'a yafe shi. Daga ƙasa ne ake ganin waldar da aka yi wa shasi, da ƙarfen da aka miƙe da wuta, da man giya da ke zuba ta tiren roba na giyabos ɗin ZF, da buushi da shokozoba. A nan ne kuma zaka ga ko an cire indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin bututun salansa, don ana yanke shi a sayar a mayar da bututu fanko. A irin wannan motar wani lokacin ba sata bace, mai ita ne ya cire ya ƙara mata wuta da MHD ko JB4, wato manhaja da na'urar ƙara wa inji ƙarfi, to wannan ta sha taka ba kaɗan ba. Ka leƙa cikin mudgad na baya, in kaga ɓarɓashin roba ya manne kamar kwalta, tayoyin baya sun cinye amma na gaba suna da saura, to anyi wasan mota da ita, irin wanda ake yi ranar ɗaurin aure, kuma dif da giya su suke biyan bashin. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu ne a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019.

Bodi ba zan ja ba. In bakanikenka na da na'urar auna kaurin fenti ya bi kowane ɓangare, inda lamba ta ninka sauran an cika da fila. A duba kusoshin bonet da fenda ko sifana ta taɓa su. Don ruwa kuma, batirinta a but yake ta hannun dama, ka ɗaga ka duba tsatsa ko busasshen laka a ƙasan, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen ruwa, ka sunkuya ka shinshina kafet. Turaren mota da yayi yawa ni yanzu tsoro yake bani.

Kar ka manta takardun kwastan. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, don haka in akace ta Kwatano ta biyo sai ka ƙara buɗe ido, kaje ofishin kwastan da kanka a tantance diyutin, lambar shasi ta takarda ta dace da ta gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da wadda aka buga a ƙarfe cikin bonet.

Da na tashi sayen ta biyu motoci uku na biya aka duba min. Ta farko mai ita yace ba za'a kai ta rami ba, nace to Allah ya kawo kasuwa na tafi. Ta biyu laka muka samu ƙarƙashin batir. Ta ukun ma ba lafiyayya bace, tana zubar da mai ta gidan filta ga kwayil biyu sun gaji, amma mun rubuta komai a takarda, muka kira masu kaya muka ji farashi a gaban mai ita, aka rage min daidai wannan, na gyara a satin farko kuma har yau ita nake hawa. Kuɗin duba ukun gaba ɗaya bai kai abinda na kashe a jan waccan tawa ta 2008 da famfon ruwanta kaɗai ba. Motar da ta haura shekara 15 dole a samu wani abu, kuma ko ta fita lafiya ka ajiye wani abu a gefe na gyaran farko, kar ka zuba duk abinda ke hannunka a kuɗin saye.

Shi kuma Alhajin da akace zai zo gobe, in da gaske ne ya ɗauka, 335i bata ƙare a Abuja ba. Ka turo min lambar shasin ta inbos, kuma kace dillalin ya ɗauko maka bidiyon tayarwar safe daga wajen salansa, ya fara nuna hannunsa a kan inji kafin a tayar, in sha Allah zan saurara in gaya maka ko ta cancanci ka ɗauki bakanike kuje.